KIKI-KAKA TSAKANIN GWAMNA DA MAJALISAR DOKOKI A JIHAR KADUNA, 1979-1983: KASAFIN KUƊI DA LISSAFIN KUJERU

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce a waiwayi rikicin da ya auku tsakanin Gwamnan Jihar Kaduna, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, da Majalisar Dokokin Jihar a zamanin Jamhuriya ta Biyu, watau rikicin nan da ya hana gwamnati samun kwamishinoni, ya dagula sha'anin kasafin kuɗi, daga bisani kuma ya kai ga tsige gwamnan a ranar 23 ga Yuni, 1981. An daɗe ana bayyana wannan al'amari ta fuskar halayen mutanen da suka yi shi. Wasu su ce taurin kan gwamna ne, wasu kuwa su ce ramuwar gayya ce ta jam'iyyar N.P.N., wadda ta sha kaye a zaɓen gwamna. Kowane bayani yana da nasa rabon gaskiya. Amma abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, saiwar matsalar tana cikin lissafin kujerun majalisa da kuma yadda Tsarin Mulkin 1979 ya tsara ikon kowane ɓangare. Adadin ƙuri'un da majalisa ke bukata don ta zartar da kasafin kuɗi ba da sa hannun gwamna ba, shi ne dai adadin da take bukata don ta cire gwamnan ɗungurungum. Za a bi tarihin daki-daki, sa'an nan a kwatanta shi da wani rikicin kasafi da aka yi a wata jiha ta Amurka, tun da daga can ne aka aro tsarin.

2.0 TSARIN DA AKA BARI DA WANDA AKA ARO

A Jamhuriya ta Farko, Jihar Arewa ta bi tsarin Ingila ne. Firimiya, watau Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, ɗan majalisa ne, ministocinsa ma haka, kuma ya riƙe muƙamin ne saboda jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a zauren Lugard da ke Kaduna. A irin wannan tsari, kiki-kaka a kan kasafin kuɗi ba ya daɗewa, domin kuwa duk ranar da majalisa ta ƙi amincewa da kasafin gwamnati, to gwamnatin ta faɗi ke nan.

A cikin watan Oktoba, 1975, Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da Kwamitin Tsara Tsarin Mulki a ƙarƙashin jagorancin Cif Rotimi Williams. Kwamitin ya ba da shawarar a koma ga tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, kuma Majalisar Muhawara kan Tsarin Mulki, wadda ta zauna a 1977 zuwa 1978, ta amince. Bisa sabon tsari, jama'a ke zaɓen gwamna kai tsaye, su kuma zaɓi 'yan majalisa daban, kowa da wa'adinsa na shekara 4. Gwamna ba ya iya rushe majalisa. Ita ma majalisa ba ta iya kayar da shi da ƙuri'ar rashin amincewa kawai.

Akwai ƙa'idoji huɗu a cikin wannan tsari da ya kamata a riƙe, domin a kansu labarin ya rataya. Na farko, gwamna ne ke shirya ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa, amma ba a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai majalisa ta mayar da ƙiyasin doka. Na biyu, idan shekarar kuɗi ta kama ba a zartar da dokar ba, gwamna na iya ba da izinin kashe kuɗi har tsawon wata 6, amma don tafiyar da ayyukan gwamnati kaɗai, kuma kada ya wuce gwargwadon abin da aka amince da shi bara. Na uku, idan gwamna ya ƙi sa hannu a kan wata doka, majalisa na iya sake zartar da ita da rinjayen kashi biyu cikin uku. Na huɗu, sashe na 173 ya ce ba a naɗa kwamishina sai majalisa ta tabbatar da shi.

3.0 ZAƁEN 1979 DA RABON KUJERU

Jihar Kaduna ta wancan lokaci ta haɗa tsofaffin lardunan Zariya da Katsina, domin ba a ƙirƙiri Jihar Katsina ba sai 1987. An yi zaɓuɓɓukan 1979 ne bi da bi: na Majalisar Dattawa ranar 7 ga Yuli, na Wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28, sa'an nan na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Ga yadda kujeru 99 na Majalisar Dokokin Kaduna suka rabu:

N.P.N. 64
P.R.P. 16
G.N.P.P. 10
N.P.P. 6
U.P.N. 3

Mako guda bayan haka, ɗan takarar P.R.P., Balarabe Musa, ya kayar da na N.P.N., Alhaji Lawal Kaita, da 'yar tazara kaɗan. Wannan sakamako ya ba mutane da yawa mamaki, amma idan aka dubi jerin ranakun zaɓen za a gane bakin zaren. A zaɓen majalisa, kowace mazaɓa tana fitar da mutum guda ne, kuma jam'iyyun da ke hamayya da N.P.N. sun rarraba ƙuri'unsu gida huɗu. Da sakamakon ya fito, kowa ya ga inda iska ta kaɗa, sai da yawa daga magoya bayan ƙananan jam'iyyu suka karkata ga ɗan takarar da suke ganin shi ne zai iya tare N.P.N. Ta haka jiha guda ta zaɓi majalisa daga wannan gida, ta zaɓi gwamna daga wancan.

Abin lura a cikin alƙaluman shi ne, kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66. Ke nan N.P.N. ta rasa kujera 2 ne kacal ta cika wannan adadi. Shi kuwa gwamna, kafin ya tsira da ikonsa na ƙin sa hannu, da ma kujerarsa, sai ya riƙe 'yan majalisa 34 daga cikin 35 da ba 'yan N.P.N. ba, alhali 16 ne kawai 'yan jam'iyyarsa. A maƙwabciyar Jihar Kano al'amarin ya sha bamban, domin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya hau ne P.R.P. na da kujera 123 daga cikin 138. A tarayya ma N.P.N. ba ta sami rinjaye ba, tana da 36 cikin 95 a Majalisar Dattawa da 168 cikin 449 a ta Wakilai, amma Shugaba Shehu Shagari ya cike giɓin ta hanyar ƙulla yarjejeniya da N.P.P., aka ba ta ministoci da muƙamin Kakakin Majalisar Wakilai. A Kaduna ba a ƙulla irin wannan ba.

4.0 GWAMNATI BA KWAMISHINONI, KASAFI BA MAI KARE SHI

Tun a farkon watan Oktoba, 1979, gwamnatocin P.R.P. na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Wannan tsohon alkawari ne tun zamanin N.E.P.U., kuma talakawa sun yi marhabin da shi, har wasu jihohin Arewa suka bi sahu. Sai dai matakin ya taɓa abubuwa biyu a lokaci guda. Ya rage wa ƙananan hukumomi kuɗin shiga, ya ƙara dogaro ga kason da ake samu daga asusun tarayya. Haka kuma ya raunana hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda karɓar haraji na daga cikin manyan alamun ikonsu, kuma N.P.N. na da magoya baya da yawa a cikinsu. Saboda haka tun ranar farko maganar kuɗi da maganar iko suka cuɗanya.

Gwamna ya aika wa majalisa, wadda Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ke yi wa Kakaki, sunayen waɗanda yake so ya naɗa kwamishinoni. Majalisa ta ƙi su. Ya sake aikawa, ta sake ƙi, aka yi ta haka sau da dama. Matsayin gwamna shi ne jama'a sun zaɓe shi a kan manufofin P.R.P., don haka ba zai raba gwamnati da jam'iyyar da ya kayar ba. Matsayin masu rinjaye kuwa shi ne su ma jama'a suka zaɓe su, kuma tabbatar da kwamishina haƙƙinsu ne, ba al'ada ce ta sa hannu kawai ba. Har aka tsige shi, Balarabe Musa bai yi aiki da kwamishina ko guda ba. Ya tafiyar da mulki ne da manyan sakatarori da masu ba da shawara, kuma masanin tarihin nan, Dokta Yusufu Bala Usman, ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jiha a wannan zamani.

Rashin kwamishinoni ya shafi kasafin kuɗi kai tsaye. A bisa al'ada, kwamishina ne ke zuwa gaban kwamitin majalisa ya kare ƙiyasin ma'aikatarsa, ya ja nan, ya saki can, har a daidaita. Babban sakatare ma'aikacin gwamnati ne, ba shi da hurumin yin cinikin siyasa. Da aka rasa wannan gada, sai kowace ƙaramar taƙaddama ta zama tsakanin gwamna da majalisa baki da baki, ƙiyasin da ya gabatar kuma ya riƙa cin karo da jinkiri da sauye-sauye. Bugu da ƙari, a daidai lokacin ne aka sauya shekarar kuɗi ta Nijeriya. A da tana farawa ne ranar 1 ga Afrilu, sai aka yi kasafin wata 9 a 1980, daga 1981 kuma aka koma farawa ranar 1 ga Janairu. Ke nan cikin ƙasa da shekara guda sai da ɓangarorin biyu suka yi arangama a kan kasafi sau biyu.

Tanadin nan na wata 6 bai warware wa gwamnan matsala ba. Yana biyan albashi, yana tafiyar da asibitoci da makarantu, amma ba ya buɗe ƙofar sabon aiki. Gwamnan da burinsa shi ne ya ci gaba da abin da ya tarar, wannan tanadi ya ishe shi. Balarabe Musa kuwa, wanda shi kansa akanta ne, ya zo ne da niyyar sauya alƙiblar kashe kuɗi. Yana da shirin kafa masana'anta a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 14 na jihar, alal misali ta sarrafa citta a Kaciya da ta tumatir a Ikara. Ya kuma ƙi amincewa da sharuɗɗan Bankin Duniya na faɗaɗa aikin noma irin na Funtuwa zuwa sauran jihar, saboda tsadarsa da kuma yawan ikon da aka tanadar wa ƙwararru 'yan ƙasashen waje. Irin wannan gwamna hanya biyu ce a gabansa: ko ya jingine shirinsa, ko ya nemi wata kafa ta aiwatar da shi. Duk kafar da ya bi kuwa, majalisa za ta iya ƙirga ta cikin laifuffukansa.

5.0 RABUWAR P.R.P. DA CIKAR ADADI

A cikin 1980 jam'iyyar P.R.P. ta dare gida biyu. Musabbabin na kusa shi ne halartar gwamnoninta biyu tarurrukan gwamnoni tara na jam'iyyun U.P.N. da G.N.P.P. da P.R.P., abin da shugabancin jam'iyya bai yarda da shi ba. Ɓangaren Malam Aminu Kano aka kira shi Taɓo, na gwamnonin kuma, wanda Cif Michael Imoudu ya jagoranta, aka kira shi Santsi. Hukumar Zaɓe ta Tarayya ta amince da ɓangaren Malam Aminu ne. Wannan rabuwa tana da nauyi a wajen lissafi, domin Tsarin Mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyarsa ce ta rabu. Gwamnan da ke bukatar ya riƙe mutum 34 daga jam'iyyu huɗu, ga shi tasa jam'iyyar ma ta tsage.

Sashe na 170 ya shimfiɗa matakan tsige gwamna. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar tuhuma. Kashi biyu cikin uku su amince a yi bincike. Kakaki ya naɗa kwamitin mutum 7 da yardar majalisa. Kwamitin ya kawo rahoto cikin wata 3. Sa'an nan kashi biyu cikin uku su karɓi rahoton. Sashen ya bar wa majalisa ita ta fassara abin da take gani babban laifi ne, ƙaramin sashe na 10 kuma ya hana kowace kotu sauraron ƙara a kan lamarin. Tuhume-tuhumen da aka yi wa Balarabe Musa sun shafi kashe kuɗi da naɗe-naɗe da wasu matakai da majalisa ta ce ya ɗauka ba bisa doka ba. Zuwa tsakiyar 1981 adadin 66 ya cika, aka tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Ya je kotu, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce sashen ya ɗaure mata hannu.

Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya hau kujerar a watan Yuli, 1981, ya kuma ƙarasa wa'adin tare da wannan majalisa. A 1983 aka juya jerin zaɓe: aka fara da na shugaban ƙasa ranar 6 ga Agusta, na gwamnoni ranar 13, na majalisun jihohi kuma ya zo ƙarshe, ranar 3 ga Satumba. Lawal Kaita ya zama gwamna, N.P.N. ta riƙe majalisa, ɓangarorin biyu suka dawo gida guda. Sai dai sabuwar majalisar wata 3 kawai ta yi, domin sojoji sun kifar da Jamhuriyar ranar 31 ga Disamba, 1983.

6.0 KWATANCI DA JIHAR ILINOI TA AMURKA

Tun da daga Amurka aka aro tsarin, ya dace a duba yadda irin wannan rikici ke ƙarewa a can. A watan Nuwamba, 2014, jama'ar Jihar Ilinoi suka zaɓi Bruce Rauner na jam'iyyar Rifablikan gwamna, alhali 'yan Dimokurat ke riƙe da majalisun jihar biyu. Gwamnan ya ce ba zai yarda da ƙarin haraji ba sai an sauya wasu dokoki, musamman na ƙungiyoyin ƙwadago. Kakakin Majalisar Wakilai, Michael Madigan, ya ƙi. Daga 1 ga Yuli, 2015, jihar ta zauna shekara 2 ba cikakken kasafi. Umarnin kotuna ne ya sa aka ci gaba da biyan albashi, amma jami'o'i da cibiyoyin taimakon marasa galihu sun sha wuya, bashin da ba a biya ba kuma ya kai kimanin dala biliyan 15.

A can, rinjayen kashi uku cikin biyar ake bukata a ƙetare ƙin sa hannun gwamna, watau ƙuri'a 71 cikin 118 a Majalisar Wakilai. 'Yan Dimokurat na da 71 cif, amma da mutum guda ya zame sai lissafin ya rushe, kuma hakan ta faru. A zaɓen Nuwamba, 2016, kujerunsu suka ragu zuwa 67. Abin mamaki, bayan wannan raguwa ne aka warware rikicin. Ranar 6 ga Yuli, 2017, 'yan Rifablikan 10 suka haɗu da su, aka cika 71, aka zartar da kasafi tare da ƙarin harajin kuɗin shiga daga kashi 3.75 zuwa 4.95 cikin ɗari. Gwamna Rauner ya ƙarasa wa'adinsa, jama'a suka kayar da shi a 2018.

Bambancin a fili yake. A Ilinoi ƙofar zartar da kasafi daban, ta tsige gwamna daban: wannan ta biyu sai Majalisar Wakilai ta yi tuhuma, ta Dattawa ta yi shari'a, a kuma sami kashi biyu cikin uku na dattawan. Ɗan jam'iyyar gwamna na iya saɓa masa a kan kasafi ba tare da ya zama ya sa hannu a cire shi ba. A Kaduna majalisa ɗaya ce, adadin ɗaya ne, ita ke tuhuma, ita ke zaɓen masu bincike, ita ke yanke hukunci. Duk wanda ya haɗa ƙuri'a 66, mabuɗi biyu ne ya shiga hannunsa a lokaci guda, kuma ba a cika samun ɗan siyasar da zai tsaya ga ƙaramin ya bar babban ba.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, jerin ranakun zaɓe na da tasiri a kan ko gwamna da majalisa za su fito daga gida guda, kamar yadda 1979 da 1983 suka nuna. Na biyu, tanadin kashe kuɗi na wata 6 yana kare gwamnati daga durƙushewa, amma ba ya kare manufar da aka zaɓi gwamna a kanta. Na uku, inda adadin ƙetare gwamna da na tsige shi suka zama ɗaya, rikicin kasafi na saurin rikiɗewa ya zama na kujerar mulki.

Tsarin Mulkin 1999 ya gyara wani abu daga ciki, domin sashe na 188 ya ɗauke naɗa kwamitin bincike daga hannun Kakaki ya miƙa wa Babban Jojin Jiha. A shari'ar tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Jihar Oyo kuma, Kotun Ƙoli ta nuna cewa kotu na da ikon duba ko an bi matakan da doka ta shimfiɗa. Amma adadin kashi biyu cikin uku bai sauya ba, majalisar jiha kuma har yanzu ɗaya ce. Rikicin Jihar Ribas, inda a watan Disamba, 2023, 'yan majalisa 27 suka shelanta sauya sheƙa, gwamna ya kai kasafi gaban 'yan tsiraru, har aka kai ga dokar ta-ɓaci a watan Maris, 2025, ya nuna cewa tambayar da Kaduna ta fara yi a 1979 ba a gama amsa ta ba. Ya rage ga masana tarihi da na shari'a su duba ko ya kamata a raba adadin nan biyu, kuma a tanadi hanyar sasantawa da za a bi tilas kafin wata 6 ɗin su cika.